Littafin da Aka Ce Na Ɗinke a Baibai

Ranar sunan ɗiyar Nafisa, ina ɗakin girki ina juya miya, na jiyo Abdu a falo yana ba baƙi labarina. Wai uwarsa ta taɓa aiki a maɗaba'a, ta buga littafi sukutum a baibai, gaba ya koma baya, aka kore ta. Falo ya kece da dariya, har da surukina da nake ganin girmansa. Ban fito ba, don ranar farin ciki ce, kuma akwai ludayi a hannuna, in na fito ban san abin da zan yi da shi ba. Amma tun ranar na ƙudura sai na rubuta muku yadda abin ya faru, ku ukun nan, ke Nafisa, kai Abdu sarkin surutu, da ke Mariyama da lokacin rarrafe kike yi. Korar gaskiya ce, an kore ni. Sai dai ba kuskure na yi ba. Da gangan na yi, idona biyu.

Kafin maɗaba'ar, shekara huɗu na yi a wani sito a bayan titin Wendover, nan Amirka, ina cika kwalaye, a tsaye tun safe har la'asar. Ni da na koyi daktilo, wato buga tafireta, a Damagaram, na yi aikin buro, aikin ofis ke nan, har ana ce mini madam, ga ni ina liƙe kwali da salatif. Maƙwabciyarmu Anti Saratu, mutuniyar Jos, ita ta fitar da ni. Cocinsu na buga takardun Lahadi a wata ƙaramar maɗaba'a, ta ji mai wurin yana neman wanda ya iya kwamfuta, ta ja ni har gabansa ta yi ta zuba masa yabona, rabi gaskiya rabi nata. Sunansa Mista Harold, dogon Bature mai furfura, mutumin kirki amma kansa kamar dutse. Ya koya mini manhajar da ake tsara shafi da ita, yadda ake jawo rubutu daga fayil a zuba shi cikin akwati a kan shafin, a gyara masa zama. Ya kuma ba ni kujera. Ku da kuka tashi a kan kujeru ba za ku gane ba. Baƙa ce, mai taya biyar, tana juyawa. Ranar farko da kowa ya fita cin abinci, ni matar aure uwar 'ya'ya uku, sai da na juya a kanta sau uku.

Abu ɗaya ya gagare shi, sunana. Ku dai kun san yadda Faransa ta rubuta mana shi a takarda, Haoua, baƙi ɗaya sai wasula huɗu a jere. Mista Harold ya dube shi ya sake dubawa, ya ce Hawai. Na gyara masa sau biyu, na uku kunya ta hana ni, na zama Hawai kamar tsibirin nan na Amirka. Har mai injin buga takarda, wani dattijo baƙar fata daga gabashin gari da nake kira Baba Otis, da Hawai ya san ni.

A shekarata ta biyu a wurin, da bazara, wata tsohuwa 'yar Japan ta shigo. Ƙarama ce, ba ta kai kafaɗata ba, ta rungume wani ƙunshi a cikin ƙyalle. A McLeansville, wani ƙauye kusa da mu, take zaune ita kaɗai. Mijinta ya yi aikin masaƙa a nan shekaru da yawa, ya rasu bara, ya bar wani kaye, irin littafin rubutun 'yan makaranta, cike da gajerun waƙoƙi da ya rubuta da hannunsa. Tana son a buga su littafi ta kai wa danginsa a Japan, inda za a yi masa addu'ar cika shekara. Ta riga ta yanki tikiti, saura mako biyar. Wani ɗan ƙaninta a can ya buga waƙoƙin a kwamfuta ya aiko a faifai, namu kawai mu zuba a shafi mu buga. Mista Harold ya ce ai wannan aikin yini guda ne, ya nuna ni ya ce ga Hawai nan za ta yi. Tsohuwar ta juyo ta rusuna mini, ta ce ita Michiko, sannan ta tambaye ni da Turancinta mai sanyi:

"Haka ake faɗin sunan naki?"

"Hauwa ne, Mama," na ce, ƙasa-ƙasa don kada maigida ya ji kamar ƙararsa nake kaiwa.

"Ha-u-wa," ta ce, tana ajiye kowace gaɓa a hankali. Ta sake faɗa har sai da ya fito daidai, sannan ta gyaɗa kai.

Daga nan ta kwance ƙyallen ta buɗe kayen mijinta, kuma ta dama ta buɗe shi. Wallahi sai da gabana ya faɗi don daɗi. Tun da na zo ƙasar nan ban ga wanda ya buɗe littafi ta wannan gefen ba sai a masallaci. Kakanku malamin allo ne a unguwar Birni ta Damagaram, a zaurensa na yi babbaƙu da farfaru tun kafin a kai ni lakwal, makarantar boko, hannuna ya san wannan buɗewar kafin ya san ta boko. Rubutun kuwa a tsaye yake, kowane layi yana gangarowa daga sama zuwa ƙasa, layin farko a dama, na biyu a hagunsa. Ban iya karanta ko ɗigo ba, amma na ji kamar na gamu da 'yar garinmu a tasha.

Aikin yini guda, in ji Mista Harold. Na sa faifai, na jawo rubutun cikin shafi, sai ga ƙananan akwatuna da alamomin tambaya sun cika allon kwamfutar, ko harafi ɗaya babu. Kwamfutar ma tambaya take yi. Sai da aka yi odar haruffan Japan aka loda mata, kwana biyar sun tafi. Na sake jawowa, haruffa suka fito tsaf, amma a kwance, daga hagu zuwa dama kamar jaridar gari. Manhajar da muke da ita don Turanci aka yi ta, na duba ko'ina babu inda za a danna a ce wa rubutu tashi tsaye. Mista Harold ya zo ya tsaya a kaina, ya ce in matsa, ya kama akwatin rubutun gaba ɗaya ya juya shi a gicciye. Layuka suka miƙe tsaye, ya tafa hannu ya ce shi ke nan. Na matso na duba da kyau. Akwai wani harafi da na riga na shaida, mai kama da mutum ya buɗe ƙafa yana tafiya. A kayen marigayin yana tsaye a kan ƙafafunsa. A allon kwamfuta ya faɗi a gefensa, shi da duk 'yan uwansa.

"Mista Harold, mutumin nan ya faɗi," na ce, na nuna masa nan na nuna masa can.

Ya karkata kai har gilashinsa ya kusa zamewa. "To ki tashe shi," ya ce, ya koma ofishinsa.

Kwana biyu ina fama. Abin da ya cece ni lungun gidanmu ne na Birni, wanda jaki biyu ba sa gittawa a cikinsa, dole ɗaya ya bi bayan ɗaya. Na ce bari in yi wa haruffan nan lungu. Na matse akwatin rubutu har ya zama faɗin harafi ɗaya tak, sai ga su sun bi sahu, kowane a ƙarƙashin ɗan uwansa, kuma kowa a kan ƙafarsa. Na yi guɗa a cikin shagon mutane, Baba Otis ya fito da gudu ya zaci yatsa na yanke. To amma kowane layi sai an yi masa lungunsa daban, a jera su daga dama zuwa hagu, kuma 'yan ɗigon ƙarshen magana duk sun zauna a kusurwar da ba tasu ba, sai na bi su ɗaya-ɗaya ina turawa sama ta dama kamar yadda suke a kayen. Ban damu ba. Mu da muka yi shekaru muna kwafar allo tun ba mu san ma'anar abin da muke rubutawa ba, an koya mana ido ya yi biyayya ga abin da ya gani, kada ya ƙara kada ya rage.

Wannan idon ne ya nuna mini abin da ya ɓace. A kayen, gefen wasu manyan haruffa akwai wasu 'yan mitsi-mitsi a maƙale ta dama. A shafina babu su, kwamfuta ta zubar da su a hanya wajen jawowa. Mista Harold ya ce ƙila tsohon gwada biro yake yi, in bar su. Ban yarda ba, na jira Laraba, ranar da Mama Michiko ke zuwa duba aiki, na ɗora yatsa a kan wasu uku da ke gefen harafin farko na littafin na tambaye ta. Ta daɗe tana kallon wurin.

"Sunansa ne," ta ce. "Babban harafin ana iya karanta shi Tadashi, ana iya karanta shi Masashi. Ƙananan su ke gaya wa mutum wanne ne. Shi Tadashi ne. Duk rayuwarsa yana gyara wa mutane."

"Wasali ke nan!" na ce da Hausa, don abin ya zo mini ba shiri.

Na ɗauki biro na rubuta mata baƙi uku da ajami, na nuna mata yadda kakanku yake tsokanar mu, cewa in ba wasali ba ka sani ba ko gida aka rubuta, ko gada, ko guda. Na sa wasalin sama, na goge na sa na ƙasa, ina faɗa mata yadda sautin ke canjawa. Tsohuwar nan ta rufe baki da hannu tana dariya har da hawaye. Daga ranar kusan kullum sai ta tuƙo tsohuwar motarta ta zo, ta zauna kusa da ni, in buɗe mata jerin haruffa a allon, ta nuna da tsinken gashinta, in ɗauko in ƙanƙanta in maƙala a gefen babban. Tana kawo mini wani koren shayi mai ɗaci da nake shanyewa don kara, ni kuma ina kai mata ƙosai, ban sani ba ko ita ma don kara take ci.

Ranar Alhamis ta ƙarshe aka zo maganar ɗinki. Jirginta Laraba mai zuwa ne, dole a buga Juma'a a ɗinke Asabar, in an yi kuskure babu lokacin sakewa. Mista Harold ya haɗa samfuri guda, ya ɗinke shi ta hagu kamar kowane littafin Turanci, ya miƙa mata ya ce ta duba, haka ya yi? Ina zaune ina kallon hannunta. Hannun ya tafi dama da kansa, ya tarar da bangon baya fari fat, ya janye da sauri kamar ta taɓa murfin tukunya. Ta juya littafin ta buɗe ta hagu, ta sunkuyar da kai.

"Yes, yes," ta ce. "Ya yi. Na gode ƙwarai." Ta sa hannu a takarda ta fita.

Jama'a, na san wannan yes ɗin. Ba na Turanci ba ne, "to" ne, namu na Hausa. Kun san "to" iri-iri ne. Akwai na na yarda, akwai na na ji, akwai kuma wanda mace ke faɗa wa babba idonta a ƙasa alhali cikinta na kuka. Irinsa na ce wa kakarku ta wajen uba, Allah ya jiƙanta, ranar da ta ce zanen da uwata ta ba ni ya fi dacewa da ita. Na bi Mista Harold ofis na ce masa matar nan ba ta yarda ba, littafinsu ta dama ake buɗe shi, in aka ɗinke ta hagu layuka za su riƙa tafiya dama zuwa hagu, shafuka kuma suna tafiya hagu zuwa dama, mai karatu ya yi ta karo da kansa. Ya ɗaga takardar da ta sa wa hannu.

"Hawai, na tambaye ta, ta ce yes. Sau biyu ma. Shekara talatin ina ɗinka littafi a shagon nan, duk ta hagu. Gobe ba na nan, zan tafi bikin gama karatun ɗiyata. Ki ba Otis yadda yake."

Da yamma bayan mun ci tuwo na kwashe duka na gaya wa babanku. Anti Saratu ma tana nan, ta shigo aron tukunya ta zauna, kamar yadda ta saba. Babanku ya saurara har na gama, ya ce in buga wa matar waya mana in tambaye ta. Na ce na buga tun da rana, abin da ta ce shi ne Mista Harold ya fi ta sanin aikinsa, kada in wahalar da kaina.

"To ai kin ji," in ji babanku.

"Ai shi ne na ji, Malam. Da ta yarda cewa za ta yi ya yi kyau. Ba ta ce ya yi kyau ba."

"Kulu," ya ce, don haka yake kirana in yana son in sauko, "shiga sharo ba shanu ke nan. Ke Japan ɗin nan ko a taswira aka ce ki nuna sai kin yi lalube. Mutum ya ba ki amanar shagonsa. Kuma ki tuna da ƙafafunki lokacin sito, ni nake dafa miki ruwan gishiri."

Anti Saratu ta ce ita dai ba ta ce in yi ba, ba ta ce in bari ba, amma in aka binne ta da littafin waƙoƙin coci a juye sai ta tashi ta gyara. Babanku ya ce da Anti da shiru ba su taɓa haɗuwa a hanya ba. Aka yi dariya aka watse, ba wanda ya sauke mini kayan da ke kaina.

Ga inda nake son ku buɗe kunne, don ba zan wanke kaina tas ba. Ina da lambar Mista Harold. Da safiyar Juma'a na ɗauki wayar shagon har sau biyu ina ajiyewa, don na san in na kira cewa zai yi a'a, kuma in ya faɗa da bakinsa karo na biyu ba zan iya tsallakewa ba. Babanku ya yi gaskiya, amana ce, kuma na taɓa ta. Amma duk lokacin da na rufe ido sai in ga hannun tsohuwar nan yana janyewa, in ga ta tsaya gaban dangin mijinta da littafin da zai ce musu ga abin da zaman Amirka ya mayar da ɗan'uwanku. Na zauna a kujerata, na shafa hannunta na roba, na ce ke dai Allah ya haɗa mu ya kuma isa ya raba. Na juya jerin shafukan gaba ɗaya, na farko ya koma inda na ƙarshe yake, na mai da bangon gaba zuwa ɗaya gefen. Na kai wa Baba Otis na ce ɗinki ta dama. Ya leƙo ni ta saman gilashi.

"Maigida ya sani?"

"Ni aka ba aikin," na ce.

"Ba abin da na tambaye ki ke nan ba, ɗiyata." Sannan ya kunna inji.

Litinin da safe Mista Harold ya yanka kwalin farko, ya ɗauki littafi, ya ga bango fari a inda yake jiran suna. Ya juya, ya sake juyawa, wuyansa ya yi ja har kunne. Bai yi ihu ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya tambaye ni kuskure ne? Da na ce eh, wataƙila da faɗa kawai zan sha. Na ce a'a, ni na yi, kuma Baba Otis ba ruwansa. Ya ce ba zai iya aiki da wanda zai juya masa baya ya sake masa umarni ba, in ɗauki kayana. Kayan nawa kofi ne da rigar sanyi da 'yar dardumar salla. Na tura kujerar ƙarƙashin tebur na daidaita ta. A cikin bas na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba, har wata mata ta miƙo mini hankici.

Mako bai cika ba na koma sito, na koma tsayuwa. Abin da ya fi tsayuwar ciwo shi ne ban san ƙarshen zancen ba. Baba Otis ya gaya wa Anti Saratu cewa wani maƙwabcin tsohuwar ne ya zo ya ɗauki kwalayen a rufe, ita kuma ta hau jirgi, ba wanda ya ji daga gare ta. Sai shaiɗan ya samu wurin zama. In fa yes ɗin nata yes ne na gaske? In fa mutanen Japan na yanzu sun koma buɗewa ta hagu, ni ce na tsaya a zauren kakanku? Babanku bai taɓa ce mini ai na gaya miki ba, Allah ya saka masa, amma ya laƙaba mini Jakadiyar Japan, in ya dawo aiki sai ya rusuna a bakin ƙofa ya ce a gaida jakadiya, ya kawo ruwan gishirin. A nan ne kai Abdu ka tsinci rabin labarin, ka riƙe shi shekara ashirin ba ka nemi sauran ba.

Wata Asabar da hantsi, bayan mako uku, ina kwaɗa zogale aka ƙwanƙwasa. Nafisa ta buɗe ta dawo da gudu tana ce mini da Turanci wai ga wani Bature da wata 'yar tsohuwa. Mama Michiko ce, da Mista Harold a bayanta ya riƙe hula a hannu. Ta dawo daga tafiya ta je shagon da tsarabata, ta tarar da wani a kujerata, shi ne ta sa shi ya kawo ta. Tun a bakin ƙofa ta tuɓe takalmi ba wanda ya ce mata, shi ma dole ya tuɓe, ga babban yatsansa ya leƙo ta hujin safa. Babanku ya ga yatsan, ya dube ni, na kau da kai don kada in ɓata taro.

Ta zauna a bakin kujera ta ba mu labari. Mijinta yana da yaya mace da ta haura tasa'in, idonta ya kusa tafiya. Aka sa mata littafin a cinya, hannunta ya buɗe ta dama, ya tarar da shafin farko yana jiransa. Ta shafa, ta tambaya a ina aka buga, aka ce Amirka, ta ce ashe can ma akwai masu tarbiyya. Mai jagorantar addu'ar kuwa baƙo ne, bai san marigayin ba, ya buɗe littafin ya dubi 'yan ƙananan haruffan nan, ya kira sunan daidai tun karon farko. Mama Michiko ta ce shekara arba'in da aurensu, ba ta taɓa jin baƙo ya faɗi sunan ba a gyara masa ba sai ranar. Sannan ta juya wajen Mista Harold.

"Ranar da ka nuna mini samfurin, na ce maka yes. Na shiga mota na kasa tuƙi, na yi ta kuka a wurin ajiye motoci."

"To me ya hana ki ce mini a'a?" ya ce, da gaske yake tambaya, abin tausayi.

Ta dube ni, na dube ta, sai muka fashe da dariya mu biyu, ita hannu a baki, ni har da buga cinya. Ta ina za ka fara yi wa mutum bayani?

Ta ciro kwafi ɗaya ta ba ni. A shafin ƙarshe, wanda ku kuke ɗauka na farko, ta rubuta haruffa uku a tsaye da hannunta, ta nuna su ɗaya-ɗaya, Ha, u, wa. Ta sa Mista Harold ya maimaita a gabanmu kamar ɗan aji ɗaya, sai a karo na huɗu ta sallame shi. Shi kuma ya gyara murya ya ce har yanzu yana ganin ya kamata a ce na kira shi, na ce gaskiyarsa, na ba shi haƙuri. Ya ce kujerar ya riga ya ba wani mai iyali, ba zai kore shi babu laifi ba, amma in wuri ya samu ni ce ta farko, in ci gaba da sito kafin nan. Ya tambaye ni hakan ya yi mini? Na sunkuyar da kai na ce yes, ya yi. Har ya miƙe zai sa hula, sai ya tsaya, ya dubi tsohuwar, ya dawo da ido kaina.

"Dakata, Hauwa. Wannan wane irin yes ne?"

Babanku ya tuntsire har hularsa ta faɗi. Ni kuwa na ɗaga kai na dubi Bature cikin ido, abin da ban taɓa yi ba, na ce masa a'a, bai yi mini ba, ƙafafuna ciwo suke, kujerata nake so. Ya ce yawwa, yanzu ya ji.

Jin nasa bai dawo da ita ranar ba. Sai da na yi wata bakwai a sito kafin mutumin ya samu wani aiki ya tafi, kuma a wata bakwai ɗin nan ne gwiwar hagun nan ta lalace, wadda kuke kai ni asibiti dominta har yau. Na koma na yi shekara goma sha ɗaya a kan kujerar, ba a sake kirana Hawai ba. In kun tambaye ni ko gwiwa ta cancanci littafin da ban iya karanta ko layi ɗaya a cikinsa ba, ranar da sanyi ya sauko nakan yi tsaki, amma ban taɓa cewa da na sani ba.

Littafin yana cikin akwatina, ƙarƙashin zannuwa. Abdu, ran da za ka sake ba da labarin nan ka ɗauko shi ka nuna wa mutane, kuma ka buɗe shi ta dama. In na tambaye ka ko ka ji, kada ka sunkuyar da kai ka ce mini "to". Na san irinsa.